Asusun da Muktar Ya Buɗe da Sunana

Birnin Ƙonni,
14 ga Maris, 2007.

Zuwa ga aminina kuma ɗan'uwana, Alhaji Mahamudu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Hajiya Balaraba da yara da jikoki, da duk wanda ya san ni a Damagaram. Yaya zafi a wajenku? Mu nan ya shigo da ƙarfinsa, amma lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Maiɗakina Basira ta ce in gaishe ku tun kafin in buɗe alƙalami.

Na san za ka ce me ya hana ni bugo salula. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana aikin gidan waya, goma sha huɗu daga ciki tare da kai a buro ɗaya, ba ya iya faɗin abin da ke ransa cikin minti biyu. Ka yi haƙuri ka karanta.

Ɗanmu Muktar ya iso Ƙonni, yau sati uku. Da ya yi sallama Basira ce ta leƙa, sai na ji ta ja salati. Ta ce wallahi ta ɗauka kai ne ka dawo da ƙuruciyarka: tsawon nan naka, da ɗan karkata kai idan yana sauraren mutum. Ta riƙe hannunsa tana kuka tana dariya, tana tuna masa cewa a wannan tsakar gidan ta yi goyonsa shekarar da Balaraba ta kwanta ciwo. Ni kuwa ranar sunansa na tuna, da ragon da ya tsinke igiya muka bi shi har bakin kasuwa, kai kana tattare babbar riga.

Ya ce zaman Kwatano ya ishe shi, garin haihuwarsa yake so. Ya kama shago kusa da tasha ya jera kwamfuta shida, irin wurin nan da samari ke kira sibar, inda ake biya a shiga intanet. Na yi masa tayin ɗakin zaure, ya ce ya riga ya kama haya, amma kullum a gidan nan yake cin abincin rana.

Shekaranjiya ya zaunar da ni gaban injin ya nuna mini abin mamaki. Wai akwai wani kamfani a ƙasar Turawa da ke cinikin zinariya da kuɗin ƙasashe ta intanet. Kana buɗe asusu da sunanka, ka zuba abin da ya samu, su juya maka, kowane wata su ba ka riba. Ya ce shi yaro ne, Turawan sun fi yarda da dattijo mai fansho wanda ya yi aikin gwamnati ya gama lafiya. Ya nemi katin shaidata, na ba shi. Muka je banki aka buɗe mini wani asusun inda ribar za ta riƙa sauka, na sa hannu a takardu huɗu ko biyar. Na zuba jika hamsin, sefa dubu hamsin ke nan, daga fanshona. Da ka ga sunana, Mahamudu, Illa Isma'il da manyan baƙaƙe a fuskar gilashi, lambobi suna ta motsi a ƙarƙashinsa, da ka yi dariya.

Na dawo gida ina tunanin zamaninmu. Ka tuna manda, takardun kuɗin da 'yan ci-rani ke aiko wa iyalansu daga Abijan da Legas? Takarda ta yi wata guda a hanya, mu ɗaure jaka a bayan babur ɗinka mai tari, mu bi Tsarnawa, mu ratsa Malbaza, mu yada zango a Dogarawa. Mata su fito da fura, tsofaffi su dangwala yatsa a tawada, mu karanta musu wasiƙa, mu tsallake layin da ɗan ya yi rashin kunya. Har gobe a Dogarawa Illa mai manda suke kirana, kuma ba su daina tambayata ina dogon abokina ba. Yanzu ga shi kuɗi na tsallaka teku kafin shayi ya huce.

Basira ba ta so na ba da katin ba. Ta ce ita ba ta yarda da kasuwar da ba a ganin mai kaya ba. Na ce mata mai kayan ɗan Mahamudu ne. 

Ka kwantar da hankalinka game da shi, a gidansu yake. Ka gaishe mini da Hajiya ƙwarai.

Naka har kullum,
Illa.


Birnin Ƙonni,
22 ga Yuli, 2007.

Aminina Mahamudu,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali baki ɗaya. Takardarka ta iso, na karanta ta sau uku, na huɗu na karanta wa Basira. Rubutunka bai canza ba, har yanzu kana jan wutsiyar harafi kamar kana sa hannu a rajista. Yaya damina? Mu an yi mana ruwa mai kyau, hatsi ya kai gwiwa a hanyar Bazaga.

Ka tambaye ni ko yaron ya natsu. Ya natsu. Ba ya fashin jam'i, ba na ganinsa da abokan banza. Riba kuma ta zo sau uku kamar yadda ya faɗa, ba ta taɓa makara ba. Da ta farkon na saya wa Basira turmin atamfa, ta karɓa ta ajiye a akwati, ba ta kai ɗinki ba tukuna.

Ko ka tuna Sahiya ta Dogarawa, matar Mamane? Mu ne muka yi shekara shida muna kai mata manda daga Abijan, mu ne kuma muka kai mata takardar rasuwarsa. Kai ka kasa shiga gidan, ka tsaya wajen babur, ni na karanta. To, Allah ya rufa mata asiri, ta zama babbar 'yar kasuwar albasa, mata goma sha ɗaya ke tara kuɗinsu a hannunta. Labarin ribata ya kai kunnenta, kuma ba zan ɓoye maka ba, daga bakina ya fita, a wajen wani suna a Malbaza. Ran kasuwa sai ga ta da ƙullin zane, cinikin albasar bana gaba ɗaya, nata da na matan. Na ce ta yi tunani, ni ma ban san abin sosai ba. Ta ce, "Ni ban san intanet ba, Illa mai manda na sani. Shekara shida dala ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannunka ba." Na kai ta wajen Muktar, ya karɓa, ya buga mata takarda mai tambarin zinariya a sama.

Akwai abu ɗaya da nake son jin ra'ayinka a kai. Tun watan Mayu kuɗi masu nauyi ke shigowa asusuna na banki, ba irin ribata ba, miliyoyi. Muktar ya ce kamfanin ya ga amanata ya naɗa ni wakilinsa, ta hannuna yake biyan mutanensa na wannan yanki. Duk sati biyu sai mu je banki in sa hannu, ya zuba kuɗin a jaka, ya hau kabu-kabu ya tsallaka Illelar Najeriya ya canza su naira, wai can masu kuɗin suke. Idan ya dawo ya ba ni wani abu ya ce ladan wakilci.

A zamaninmu ba mu taɓa biyan manda ba sai mun ga mai ita da idonmu. Ni yanzu ban san wanda ya aiko ba, ban san wanda ya karɓa ba, sa hannu kawai nake yi. Da na yi masa maganar sai ya yi murmushi ya ce, "Baba, duniya ta wuce rajista da tawada." Wataƙila gaskiyarsa ce, tsufa ne ke sa ni ɗari-ɗari.

Basira na gaida Hajiya, ta ce daddawar da ta aiko ta ƙare.

Naka,
Illa.


Birnin Ƙonni,
9 ga Disamba, 2007.

Ɗan'uwana Mahamudu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kai da Hajiya da yara, kuna shirin Babbar Salla cikin rufin asiri. Mu jikinmu lafiya. Wannan takardar ka karanta ta kai kaɗai tukuna.

Ka san ban taɓa sakin akwatina na gidan waya ba, ko da yake sai in yi wata uku ban samu komai a ciki ba. Ranar Talata na buɗe, na tarar da ambulan mai kan sarkin Beljiyam, da sunana rubuce da hannu. Na zauna a bencin nan na baranda, wanda muke cin ƙosai a kai, na farke.

Wani tsoho ne ya rubuto da Faransanci, rubutunsa na rawa. Ya ce shi direban jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya, shekarunsa saba'in da huɗu. Ya ce ya buɗe asusu a kamfanin zinariyar nan ta intanet, aka ce ya tura kuɗinsa ga wakilinsu, aka ba shi sunana da lambar asusuna da lambar akwatina. Ya tura abin da ya tara a rayuwarsa, kashi uku. Yanzu matarsa ta kamu da ciwon mantuwa, yana son ya cire kuɗin ya kai ta inda za a kula da ita, wata biyu yana rubuta wa kamfanin ba amsa. Bai zage ni ba, Mahamudu. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Cewa ya yi ya ga an rubuta ni tsohon ma'aikacin gidan waya ne, shi kuwa mahaifinsa aikin da ya yi ke nan, don haka ya san ba zan ƙi ba shi amsa ba.

Na duba ranakun da ya lissafa. Na tuna kowace ɗaya. Ni na sa hannu aka cire kuɗin.

A nan na gane abin da na zama. Ba a biyan kowa ta hannuna. Ana karɓe kuɗin bayin Allah can, a zubo su cikin sunana, a fitar da su tsaba, a tsallaka iyaka a mai da su naira, daga nan sawunsu ya ɓace. Idan an bi sawu, a ƙofar gidana zai tsaya. Ribar da nake ta murna da ita, daga aljihun wannan tsohon da ire-irensa ta fito.

Da safe na je shagon kafin kowa ya zo, na ajiye takardar a gaban Muktar. Ya karanta, na ga gumi ya tsatso masa. Da farko ya ce kuskure ne na kamfani. Na ce ya dube ni ya sake faɗa. Sai ya sunkuyar da kai. Ya ce wasu mutane ne da ya sani a Kwatano, su ke da shafin, shi aikinsa nemo asusun da banki ba zai yi zargi ba, a ba shi kaso. Ya ce ya yi niyyar ya yi wata shida ya tara jari ya bari. Na tambaye shi kuɗin Sahiya, ya ce su ma ya miƙa, lambobin da ke kan gilashi zane ne kawai, ba ko sisi a bayansu. Na ce to me ya sa ni, duk faɗin Ƙonni? Ya ce, "Baba, kai ne wanda ba mai tambaya idan ya ga sunanka."

Ban ɗaga murya ba. Na tuna ranar da ya haɗiye dala ta ƙarfe yana ɗan shekara uku, muka ruga da shi likita ni da kai, kana addu'a da ƙarfi a kan titi. Wannan yaron ne a gabana, ya yi gemu.

Na ce masa ranar Litinin da ƙarfe tara zan tafi wajen jandarma da wannan takarda da duk takardun banki. Na ce ina so mu tafi tare, ya faɗa da bakinsa, in tsaya a gefensa a matsayin uba. Ya ce zai yi tunani. Tun ranar bai zo cin abinci ba, Basira kuwa ba ta daina zuba masa ba.

Gobe ce Litinin ɗin. Na rubuto ne don kada ka ji a bakin wani. Zan faɗi sunansa, Mahamudu. Na juya abin ta kowace fuska, ban ga yadda zan ɓoye shi in kuma dubi Sahiya ba. Idan akwai abin da kake so ka ce mini, ka bugo, salulata a buɗe take.

Ka yafe mini wannan ɗacin da na aiko maka ana shirin Salla.

Ɗan'uwanka,
Illa.


Birnin Ƙonni,
3 ga Fabrairu, 2008.

Zuwa ga Alhaji Mahamudu,

Bayan sallama da gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta Hajiya Balaraba. Ban ji daga gare ka ba, na buga sau biyu ba a ɗauka ba. Ban yi fushi ba. Zan ba ka labari yadda ya faru, ka yi hukuncinka a kan gaskiya.

Ranar Litinin ɗin na jira shi a zaure har tara da rabi. Da na bi ta tasha na tarar da shagon a kulle, masu shayi suka ce tun jiya aka loda kwamfutocin a mota aka yi hanyar iyaka. Na wuce ni kaɗai.

Komandan jandarma ya saurare ni da ladabi, ya sa aka rubuta komai. Daga nan ya ce dama akwai takarda daga Yamai a kan asusuna, bankin ya kai rahoto tun watan Oktoba, kwanaki kaɗan suka rage su zo gidana. Ya ce zuwana da ƙafata zai taimake ni, amma sunana ne a kan kowace takarda, wanda na ambata kuwa ba ya nan. Dole su riƙe ni. Ya karɓi agogona da hulata ya sa a ambulan. Ni na nuna wa ƙaramin jandarman yadda ake liƙe bakin ambulan a sa hannu a kan liƙin, don na ga bai iya ba.

A can na yi Salla. Basira ta kawo nama a kwano, ta zauna a bakin ƙofa, ba ta ce mini ai na faɗa maka ba, ko sau ɗaya.

Kwana na huɗu Sahiya ta zo daga Dogarawa. Labari ya riga ya game gari, shafin kamfanin ma ya ɓace daga intanet. Na shirya wa zagi. Ta tsaya ta dube ni ta tsakanin ƙarafa, ta daɗe, sannan ta ce, "Sau biyu ke nan kana kawo mini mugun labari, Illa. Na farkon ba laifinka ba ne." Ta ajiye mini goro biyu ta juya. Na fi son duka da wannan maganar.

Kwana na goma sha biyu da hantsi na ji hayaniya a baranda, sai na ji murya tana cewa, "Ni ne Muktar Mahamudu, tsohon da kuka kama bai san komai ba." Ya rame, rigarsa duk datti. Daga baya ya gaya mini a Sakkwato ya ɓuya. Mutanen Kwatano sun kashe wayoyinsu, kuɗin kwamfutocin ma wani ya gudu da su. Wani direban Ƙonni ne ya gan shi a tasha ya ce masa, ai tsohon da ke ciyar da kai a kulle ya yi Salla. Ya ce daga jin haka abinci ya ƙi shiga cikinsa. Ba wanda ya kamo shi, Mahamudu, ina so ka riƙe wannan. Da kuɗin motar da ya roƙa ya dawo.

Ya faɗi komai, ya ba da sunaye da lambobi. Bayan kwana biyu aka sake ni, aka ce kada in bar gari sai an yi shari'a. Shi kuma aka kai shi gidan kaso.

Da na fito na bi ta gaban gidan waya. An yi wa ginin sabon fenti, itacen dogon yaron da ka shuka ya fi rufin tsawo. Mutum uku na gamu da su waɗanda a da sai sun tsallako titi sun gaishe ni, ranar kowa ya sami abin kallo a wani gefen. Ban ga laifinsu ba. Wani lokaci sai in ce da ma muna can a shekarunmu, jaka a baya, ba abin da muke tsoro sai faci da ruwan sama. Amma ko a lokacin ai mu ne muke cewa kada a sa hannu a kan abin da ba a karanta ba. Na koya wa ƙauyuka goma wannan, ni na kasa.

Ka gaida Hajiya, ka ce mata ɗanta yana da lafiya, ana kai masa abinci daga gidan nan.

Naka,
Illa.


Birnin Ƙonni,
16 ga Nuwamba, 2008.

Aminina Mahamudu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar wanda ya yi kewa. Ina fata kaka ta yi muku kyau, jiki da iyali duk lafiya. Basira na gaida ku. Ta yi zazzaɓi bayan azumi, amma ta miƙe.

Wata goma sha ɗaya ke nan ban ga rubutunka ba. Wani ɗan Damagaram da ya zo sayen albasa ya ce mini kana nan lafiya, sai dai ka daina zama a majalisa, kuma ka hana a ambaci sunan Muktar a gidanka. Na gane. Kai mutum ne da ka taɓa komawa Tsarnawa da ƙafa don mayar da dala biyar da aka yi mana kuskure. Na san abin da wannan ya yi maka.

An yi shari'a ranar Alhamis ta makon jiya. An yanke wa Muktar shekara uku, za a cire watannin da ya riga ya yi. Alƙali ya ce dawowarsa da kansa ce ta rage masa. Ni an wanke ni daga haɗin baki, amma alƙalin ya yi mini faɗa a gaban jama'a, yaron da bai girmi Muktar da shekara biyar ba, ya ce wanda ya ba da sunansa aro ya ba da hannunsa ne. Na ce na ji. Mutanen Kwatano har yau ba a kama ko ɗaya ba.

Na sayar da garkata ta bakin dam, wadda muke zuwa cin kankana da yara. Abin da aka samu na kai Dogarawa da kaina, na zauna a tsakar gidan Sahiya aka kira matan goma sha ɗaya. Bai kai abin da suka rasa ba, ya ɗan haura rabi. Wata tsohuwa a cikinsu ta ƙi karɓa, ta ce ba za ta ci gonar mai manda ba, sai da Sahiya ta tsawata mata. Da zan tafi suka kawo fura. Na sha. Sahiya ta raka ni bakin hanya ta ce in gaida dogon abokina, ta ce in gaya maka ɗa ba ya zama na mutum ɗaya.

Tsohon Beljiyam na rubuta masa shafi huɗu, na faɗa masa duk yadda aka yi, na ce ba ni da abin biyansa. Ya amsa. Matarsa ta rasu a watan Yuni, a gida, shi ya yi jinyarta. Ya ce aƙalla yanzu ya san akwai mutum a ƙarshen wancan adireshin. Na ajiye takardar, ba na iya sake karanta ta.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kowace Juma'a bayan masallaci ina zuwa gidan kaso da kwanon tuwon Basira. Kada ka ɗauka na huce gaba ɗaya, akwai ranar da nake ajiye kwanon in kasa dubansa. Amma ina zuwa. Ya fara koya wa 'yan kaso karatun boko, har gandirobobi na kawo masa takardunsu ya duba musu. Kuma duk zuwan da zan yi, kafin ya buɗe kwanon sai ya tambaye ni, "Baba ya yi magana?" Ni kuma sai in ce, yana gaishe ka. Sai ya ce yana amsawa, ya sunkuyar da kai ya ci.

Juma'a arba'in da wani abu ke nan ina faɗin haka. Jiya na zauna na ga ƙarya ce nake yi, kuma da sunanka nake yin ta, ba da izininka ba. Na san yadda wannan yake, an yi mini. Ba zan ƙara ba.

Ba na roƙon ka yafe masa, wannan tsakaninku ne da Allah. Ba na roƙon ka yafe mini faɗin sunansa, don ko yau aka sake zan faɗa. Layi ɗaya nake nema, da rubutun hannunka, ko faɗa ne, ko zagi ne, in kai masa kamar yadda ka rubuta, ba zan tsallake ko harafi ba. Motar Damagaram tana isowa Laraba, direban ya san gidana. Idan ba ta zo da komai ba, ranar Juma'a zan gaya masa gaskiya, cewa babansa bai aiko da komai ba, in zauna kusa da shi har ya gama ci.

Allah ya sada mu da alheri. Ka gaida Hajiya Balaraba da yara da jikoki.

Ni ne amininka tun na ƙuruciya,
Illa Isma'il.